Malamin Kimiyya Da Ƙaro Ilimi: Tarihin Wata Hanya Daga Raba Zuwa Sakkwato

Malamin da ya shekara goma yana koyar da kimiyya a Lahodu, ko a wani ƙauyen Wurno ko Goronyo, in ya yi niyyar digiri na biyu a yau, Sakkwato kawai zai nufa. Wannan sauƙin bai daɗe da samuwa ba.

A zamanin Turawa, ɗan Lardin Sakkwato da ake so ya zama malami sai an kai shi Kwalejin Katsina. Can Ahmadu Bello, haifaffen Raba, ya yi karatu. Ya dawo a 1931 ya koyar a Midil ta Sakkwato, amma a 1934 aka naɗa shi hakimin Raba, ya ajiye alli. Shehu Shagari ya biyo baya ta Kwalejin Kaduna, shi kuwa kimiyyar ma ya koyar a wannan Midil ɗin a shekarun 1940. A 1954 ya shiga Majalisar Wakilai a Ikko. Haka waɗanda aka tura Landan ƙaro ilimin koyarwa bayan sun goge a aji: Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi a 1945, Malam Aminu Kano a 1946, dukansu siyasa ta ɗauke. Ba laifinsu ba ne, masu ilimin boko a lokacin ba su da yawa, kowa na bukatarsu. Amma aji ne ya yi asara, domin duk malamin da ya ƙware sai a ɗauke shi.

Daga baya ne aka gina matakala a gida. An kafa Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, STAN, a 1957. Sakkwato ta sami kwalejin horar da manyan malamai a 1970, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Shagari, sai jami'a a 1975, wadda aka mayar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, malamai suka yi kaɗan, har aka buɗe Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don malami ya ci gaba da karatu yana bakin aikinsa.

Abin da digiri na biyu a fannin koyar da kimiyya ya zo da shi sabo shi ne bincike. Ana sa malami ya binciki yadda yaro ke fahimtar kimiyya. Yakan ɗauki aji biyu, ya gwada su da farko, ya koyar da ɗaya ta hanyar da aka saba, ɗayan ta hanyar gwaji da hannu, sannan ya sake gwada su ya kwatanta. A nan gogaggen malami ya fi sabon ɗalibi nesa ba kusa ba, don ya riga ya san inda yara ke tuntuɓe. Ya san ɗan fadamar Wurno ya iya tsiron shinkafa da albasa tun kafin ya shiga aji, ɗan Goronyo kuma ya ga yadda madatsar ruwa ke aiki da idonsa. Turancin darasin ne ke kayar da su.

To, kundin binciken ma da Turanci ake rubuta shi, a ɗaure, a ajiye a ɗakin karatu. Mahaifin yaron da aka yi binciken a kansa ba zai taɓa jin sakamakon ba. A ganina wannan giɓin namu ne, mu masu son rubutu, kuma akwai waɗanda suka share mana hanya. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ya bar littattafai na Larabci kan magunguna, har da na ciwon ido da na basir. Shagari yana malami ya tsara Waƙar Nijeriya don koyar da labarin ƙasa da Hausa. Rupert East da Abubakar Imam kuma sun fitar da Ikon Allah a kan halittu. A Ife, Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a 1970, aka koyar da yara kimiyya da lissafi da Yarbanci har shekara shida ta firamare, kuma da aka kwatanta su da waɗanda aka koya wa da Turanci, ba su gaza ba, har a darasin Turancin kansa.