Tuta a Teburin Dara: Tarihin da Ya Shafe Mu Jasawa

Duk mai buga darar nan ta ches a intanet, a Chess.com ko Lichess, ya san akwai 'yar ƙaramar tuta kusa da sunan kowane ɗan wasa, kuma kai da kanka kake zaɓar ta. To, wannan 'yar tuta tana da tarihin rigima, kuma ina ganin mu Hausawan Jos mun fi kowa fahimtar rigimar.

A 1978 aka yi gasar zakaran duniya a garin Bagiyo na ƙasar Filifin, tsakanin Anatoly Karpov na Tarayyar Sobiyet da Viktor Korchnoi. Shi Korchnoi ya gudu daga Sobiyet tun 1976, yana zaune a Suwizalan, ya so a ajiye masa tutar ƙasar. Wakilan Sobiyet suka ce sam, ai zama kawai yake yi a can, ba ɗan ƙasa ba ne. Ƙarshenta aka buga wasan babu tutar kowa a kan tebur. Jama'a, ba mu san wannan magana ba? Ai ita ce ta "ɗan ƙasa" da "baƙo".

A 1990 kuma, Garry Kasparov, haifaffen Baku wanda rikicin ƙabilanci ya kore shi da iyalinsa daga garin a farkon shekarar, ya ƙi tutar Sobiyet ya ɗauki ta Rasha a karawarsa da Karpov a Niyok. Aka yi ƙorafi, daga baya aka ɗauke tutocin duka biyu. A 2019 Alireza Firouzja ya bar tutar Iran ya buga da ta hukumar ches ta duniya, wato FIDE, don ƙasarsa ta hana karawa da 'yan Isra'ila. A 2022, bayan Rasha ta shiga Yukiren, FIDE ta hana tutar Rasha da ta Belarus, Chess.com ma ya rufe su a shafinsa.

Mu dawo gida. Kakanninmu da yawa haƙar kuza ce ta kawo su Filato a farkon ƙarni na 20. A nan aka haife mu, a nan muka binne iyayenmu. Birom da Anaguta da Afizere kuwa suna cewa ƙasar ta kakanninsu ce. Tun da aka ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, tambayar wa ke da garin ta jawo zubar da jini a 1994, da 2001, da 2008, da 2010. Yaro zai gama sakandare da sakamako mai kyau, takardar shaidar asali ta tare masa hanya.

Abin da na koya daga tarihin dara shi ne, faɗan tuta faɗa ne a kan wa ke da ikon gaya wa mutum inda ya fito. A Bagiyo da Niyok ba wanda ya samu yadda yake so, amma an zauna an buga wasa.

Ni kore-fari-kore nake sa wa, don a can ba wanda ya taɓa tambayata takarda. Shawarata ga matasanmu: in kun haɗu da mai tutar da ba ku so, ko wanda ya ɓoye tasa, kar ku tsokane shi, ba ku san abin da ya baro a baya ba. Ku yi masa sallama ku ture sojanku. Allah ya zaunar mana da Jos lafiya.