Riƙo: Uwar Da Ba Ta Haifa Ba

Jama'a, yarana sun nace wa kallon Big Hero 6, katun ɗin 2014, inda maraya Hiro ya samu dangi cikin abokan yayansa da ya rasu. Sai na tuna Baba ta Karo, Bahaushiyar da aka haifa wajajen 1877, wadda Mary Smith ta wallafa tarihinta a 1954. Aure huɗu ta yi, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma dangi suka ba ta 'ya'ya riƙo, ta rene su kamar nata.

Haka muka taso a Dutsin-Ma da Kurfi, ɗan riƙo kwanonsu ɗaya da ɗan gida. Yau fa, wa zai riƙe marayun da 'yan bindiga suka bar mana?

Allah ya ba mu ikon yi.