Daga Ramin Zomo Zuwa Cikin Sif: Hanyar da Aka Bi Aka Iso Narnia

A shekarar 1818 wata marubuciya mai suna Mary Martha Sherwood ta fitar da littafin yara a Ingila, The History of the Fairchild Family, ya kuwa yi farin jini shekara da shekaru. A wani babi nasa, yaran gidan sun kaure da faɗa a junansu. Uban ya zane su, da yamma kuma ya tasa su gaba zuwa wani kurmi, ya nuna musu gawar wani mutum da aka rataye saboda ya kashe ɗan'uwansa, tana lilo cikin sarƙa, har ta fara zagwanyewa. Wai don su ga makomar mai gaba da ɗan'uwa. Haka yawancin littattafan yaran Turawa suke a wancan zamani. An rubuta su ne don a gyara yaro, ko ya ji daɗi ko kada ya ji, wannan ba damuwar kowa ba ce.

A cikin kwalekwale al'amarin ya fara sauyawa. Ranar 4 ga Yuli, 1862, wani malamin lissafi a Oxford, Charles Dodgson, ya fita shan iska a kogi tare da 'yan mata uku, 'ya'yan shugaban kwalejinsu, suka dame shi sai ya ba su labari. Abin da ya ƙaga musu nan take shi ne ya fito a 1865 da sunan Alice's Adventures in Wonderland, shi kuma ya ɓoye a bayan sunan Lewis Carroll. Yarinya ta bi farin zomo cikin rami, ta faɗa wata duniyar da komai nata a birkice yake, kuma babu wa'azin da ke jiran ta a ƙarshe. Waƙoƙin tarbiyyar da ake tilasta wa yara haddacewa ma, Carroll ɗauko su ya yi ya murɗe suka koma abin dariya. Sai dai ya bar wa kansa mafita. A ƙarshen littafin Alice ta farka a bakin kogi, kanta a cinyar yayarta, ashe duk mafarki ne. Haka ya sake yi a littafi na biyu na 1871, wanda a cikinsa ta ratsa madubi. Hankalin iyaye ya kwanta, ba wata duniya da ta wanzu.

L. Frank Baum na Amurka bai bi wannan dabara ba. A littafinsa na 1900, guguwa ce ta ciccibi gida ɗungurungum da Dorothy a ciki daga Kansas ta dire shi a ƙasar Oz, kuma ƙasar tana nan daram, hamada ce kawai ta raba ta da sauran duniya. Masu fim na 1939 ne suka mai da tafiyar mafarki. A Ingila kuwa Edith Nesbit ta kawo abin da ya fi haka muhimmanci, wato yara irin na kowane gida. Nata yaran 'yan'uwa ne huɗu ko biyar, masu gardama, masu jin yunwa, masu fargabar faɗan da za a yi musu in sun koma gida da yagaggen wando, sai sihiri ya riske su a ramin da ake haƙar tsakuwa ko a jikin tsohuwar darduma da uwarsu ta sayo ta hannu. A wani gajeren labarinta da ke cikin kundin The Magic World na 1912, an hukunta wata yarinya an rufe ta a ɗakin baƙi, ta buɗe sif ta shiga, ta tarar da tashar jirgin ƙasa a ciki. Cikin yaran da suka tashi da littattafan Nesbit akwai wani ɗan Belfast, C. S. Lewis, haihuwar 1898.

A tsofaffin labarai, namu da na wasu, ƙasar al'ajabi nesa take. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja sai da ya share shekaru yana yawo gari-gari kafin ya kai inda ruwan yake, Sindbad kuwa sai ya hau jirgi, jirgin ya fashe da shi. Tafiya ce ta namijin duniya mai guzuri. Abin da waɗannan marubuta suka yi ta yi sannu a hankali shi ne matso da ƙofar, har ta iso inda yaron da ba a bari ya leƙa waje zai iya kai hannu. A ganina nan sirrin yake, kuma ba wanda ya iya shi kamar Lewis.

Shi Lewis a lokacin tuzuru ne malamin jami'a a Oxford, masanin adabin tsakiyar zamani, ba ɗa ba jika. Ya ce tun yana ɗan shekara 16 wani hoto yake maƙale masa a zuci: wata halitta rabi mutum rabi bunsuru, riƙe da laima da ƙunshin kaya, tana tafe cikin kurmin da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. Hoton ya zauna sama da shekara ashirin babu labarin da zai ɗauke shi, sai da yaƙi ya zo. A farkon Satumba 1939, cikin 'yan kwanaki, gwamnatin Birtaniya ta kwashe mutum wajen miliyan ɗaya da rabi daga manyan birane saboda tsoron bama-baman Jamus, akasarinsu yara, kowanne da takardar sunansa a maƙale a riga da akwatin abin rufe fuska na kariyar iskar guba a rataye. Aka rarraba su gidajen mutanen da ba su taɓa gani ba. Wasu 'yan mata 'yan makaranta suka sauka a gidan Lewis. Shi ya sa The Lion, the Witch and the Wardrobe, wanda kamfanin Geoffrey Bles ya buga a Oktoba 1950 da zanen Pauline Baynes, ya buɗe da yara huɗu, Peter da Susan da Edmund da Lucy, an turo su daga Landan zuwa gidan wani tsohon farfesa a ƙauye.

Dubi yadda ya tsara shigar. Ana ruwan sama, ba halin fita, yaran suka shiga zagaya gidan. A wani ɗaki babu komai sai ƙaton sif mai madubi. Autar, Lucy, ta buɗe, ƙwayoyin kafur biyu suka faɗo, ta ga rigunan sanyi masu gashi a jere, ta shiga don tana son laushinsu a fuskarta. Ta miƙa hannu cikin duhu tana jiran ta taɓo katakon baya, ba ta taɓo ba. Ta ji wani abu yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafarta, ta zaci kafur ne, ta sunkuya ta ji sanyi. Gashin riguna ya koma ƙaiƙayin reshen itace. Can gaba ga fitilar kan titi tana ci a tsakiyar daji. Babu tsawa, babu kirari, babu wani boka da ya karanta ɗalasimai. Da tafin hannu da tafin ƙafa mai karatu yake ƙetarawa, kuma in ya waiwaya yana hango hasken ɗakin da ya baro. Na tabbata ba ƙaramin adadi ba ne na yaran da suka ajiye littafin nan suka je suka ƙwanƙwasa bayan sif ɗin gidansu.

Abin da ake yawan mantawa shi ne yadda littafin ya cika da zancen ci. Da Lucy ta haɗu da mai laimar nan, Tumnus, gida ya kai ta ya haɗa mata shayi: dafaffen ƙwai, gasasshen burodi da kifin gwangwani, wani da man shanu, wani da zuma, sannan kek mai sukari a ka. Lewis bai tsallake ko ɗaya ba. Yaran da suka fara karanta shi sun san dalili. Tun 1942 alewa ba ta sayuwa a Birtaniya sai da takardar rabo, kuma ba a saki wannan doka gaba ɗaya ba sai Fabrairun 1953. Saboda haka da Farar Matsafiya, mai mulkin Narnia, ƙasar da ke bayan sif ɗin, ta tsayar da Edmund a daji ta tambaye shi abin da ya fi so, ya ce alewar Turkiyya, ta ba shi kwali guda ya cinye, har ya yi alkawarin kawo mata 'yan'uwansa don a ƙara masa, yaron 1950 bai ga wauta ba. Ya san kwaɗayin a bakinsa. Hunturun da matsafiyar ta ɗora wa Narnia shekara ɗari ma ba baƙo ba ne ga mutanen da suka sha sanyin farkon 1947 ga ƙarancin gawayi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma Lewis bai rataye Edmund a kurmi don a nuna wa yara ba. Ya bar shi ya ɗanɗana kuɗarsa, ya kuma dawo da shi cikin 'yan'uwansa aka ce kada a ƙara tayar da maganar.

Ga kuma batun yarda. Da Lucy ta dawo ta ba da labari, yayyenta sun ɗauka ko dai ƙarya take yi ko kanta ya taɓu, suka kai ƙara wurin farfesa. Shi kuwa ya tambaye su wa ya fi gaskiya a saninsu, ita ko Edmund, ya ce tunda ba a san ta da ƙarya ba kuma a fili yake lafiyarta ƙalau, to sai a ɗauka gaskiya ta faɗa. Duk wanda ya taɓa zama auta a gida, ana yi masa dariya in ya buɗe baki, ya san daɗin wannan shafi. A can ciki kuma yaran da aka liƙa wa takarda a riga kamar kayan da za a aika tasha (Allah sarki) su ne ake jira su hau gadon sarauta. Suka yi mulki shekaru, suka girma, rannan suna farauta suka bi ta wurin fitilar nan suka faɗo daga sif, suna yara kamar yadda suka shiga, agogo bai motsa ba. Lewis bai ce mafarki ne ba.

Ba kowa littafin ya burge ba. Aminin Lewis, J. R. R. Tolkien, wanda ya kwashe shekaru yana gina harsuna da tarihin duniyarsa kafin ya yarda ya saki labari, ya ga aikin gaggawa ne da kwashi-kwaraf: halittun tatsuniyar Girka, da dabbobi masu magana, da Baban Kirsimeti, duk a tukunya ɗaya. Har Gabas Lewis ya leƙa, don ya faɗa a wata wasiƙa cewa sunan zakin labarin, Aslan, a bayanan da Edward Lane ya yi wa fassararsa ta Dare Dubu da Ɗaya ya tsince shi. Gaskiyar Tolkien ce, gauraye ne. Amma ai kan yaro haka yake, bai san iyaka tsakanin labarin da kaka ta ba shi da wanda ya gani a littafin makaranta ba.

Akwai wasu ƙorafe-ƙorafen da suka fi wannan nauyi, kuma bai kamata a rufe su ba. Lewis fitaccen mai kare addinin Kirista ne, mutuwar Aslan a kan teburin dutse a madadin Edmund da tashinsa da asuba kuwa aƙidar fansa ce ta Kirista ƙarara, ko da yake yara da yawa sun karanta ba su lura ba. Uban da zai saya wa ɗansa ya kamata ya san da haka. A wani daga cikin jerin littattafan Narnia da suka biyo baya, The Horse and His Boy na 1954, mutanen kudu masu duhun fata da rawani da lanƙwasassun takubba su ne azzalumai masu cinikin bayi, fararen arewa kuwa 'yantattu, kuma mai karatu Musulmi ba ya buƙatar a gaya masa daga ina aka kwaso siffar. A na ƙarshe, The Last Battle na 1956, wanda ya ci lambar Carnegie, an bar Susan a waje saboda ta girma hankalinta ya koma kan kwalliya da gayyatar biki. Philip Pullman ya caccaki jerin a kan irin waɗannan, amma shi ma da ya tashi buɗe nasa labarin a 1995, a cikin sif ya ɓoye yarinyarsa Lyra. Bayan shekara biyu J. K. Rowling ta mai da ƙofar shingen da ke tsakanin dandamali na 9 da na 10 a tashar King's Cross. Fim ɗin The Lion, the Witch and the Wardrobe na 2005 kuwa ya tara sama da dala miliyan 700.

Inda na fi ganin zuciyar Lewis shi ne The Magician's Nephew na 1955. Uwarsa ta rasu da ciwon daji a 1908 yana ɗan shekara tara, bayan 'yan makonni aka sa shi a jirgi zuwa makarantar kwana a Ingila. A wannan littafi yaro Digory ya dawo daga Narnia da tuffa ya ba uwarsa da ke kwance rai a hannun Allah, ta ci ta warke. Ya binne guntun a bayan gida ya tsiro, da iska ta kayar da bishiyar aka sassaƙa sif da katakonta, Digory ɗin ne kuma ya tsufa ya zama farfesa.

Wannan ne ya jawo rigimar da har yau masoya littattafan ba su gama ba. Tun 1994 kamfanin HarperCollins yake sa musu lamba bisa tarihin Narnia, sai The Magician's Nephew ya zama na ɗaya, suna kafa hujja da wata wasiƙa da Lewis ya rubuta wa wani yaro Ba'amurke a 1957, wadda a cikinta ma ya nuna cewa mai yiwuwa jerin ba shi da wani muhimmanci. Ni dai ina ganin an yi wa yara ƙwange. Wanda ya fara da shi zai iso ɗakin nan ya riga ya san asalin katakon, ya san wadda ta jefa ƙarfen da ya tsiro ya zama fitila, ya san ko wane ne Aslan tun kafin a ambace shi. In za ka ba yaro, fara masa da na 1950, lambar da aka buga a bango ta yi ta zamanta.