Filin Sukuwar Kaduna: Abin da ya rage mana

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu tafiya Kaduna idan an yi hutu, nawa ne a cikinmu suka san cewa Murtala Square asalinsa filin sukuwa ne?

Labarin ma daga nan jiharmu ta Neja ya faro. Zungeru ce hedikwatar Arewa tun 1902, kafin Turawa su tattara su koma Kaduna wajen 1917. Da suka je ba ofisoshi kaɗai suka gina ba, sun ware fili na tseren dawaki da wasan folo. A wannan filin aka yi wa Sarauniya Elizabeth ta Ingila gagarumin hawan daba a watan Fabrairun 1956, sarakunan Arewa suka zo da dawakinsu daga kowace kusurwa. Kaduna ta sake karɓar baƙuncin babban hawan daba a 1977, lokacin bikin FESTAC. Daga baya filin ya koma amsa sunan Janar Murtala, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976.

To me ya rage? Na farko, sunan titi. Har gobe akwai Race Course Road a gefen filin, mutane na bi kullum ba tare da sun tambayi ina wurin tseren yake ba. Na biyu, folo. Kulob ɗin folo na Kaduna na nan, kuma kofin Georgian da aka fara a 1919 har yanzu ana fafatawa a kansa. Na uku kuwa ya tafi a kan idonmu: Otal ɗin Durbar da aka gina saboda baƙin FESTAC, an rushe shi a Janairun 2020.

Legas ma haka aka yi. Filin sukuwarsu, inda aka sauke tutar Ingila a 1960, shi ne ya zama Tafawa Balewa Square a 1972. Amma su sun kafa mutum-mutumin dawaki a ƙofar shiga, ko baƙo ya gani zai yi tambaya.

Ba ina cewa kada gari ya canza ba, dole ne ya canza. Damuwata ita ce shaidun suna ƙarewa. Yaron da ya kalli hawan 1956 yana ɗan shekara goma, yau ya kai tamanin ko yana dab da ita. Mu kuma kullum kukan rashin taken furojet muke yi, alhali ga Arewa House, ga gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna, ga kuma waya a hannunmu mai ɗaukar murya.

Don Allah idan kun je gida, ku zauna da tsoho ɗaya ku tambaye shi ina filin wasan garinku yake a da, me aka gina a kansa. Ku naɗa, ku ajiye, ku kawo mana mu ma mu ƙaru.