Zurma, albasa da sanƙo: tarihin wani tsohon nema

Ɗan Adam ya daɗe yana roƙon itatuwa su maido masa da gashin da ya zube. Wani littafin magani na Masar, wanda aka rubuta wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma yake ajiye a jami'ar Laifzig ta Jamus da sunan Ebers, ya ce a daka ƴaƴan zurma, a cuɗa da mai, a shafa wa mace a ka domin gashinta ya tsiro. Zurmar nan ita ce dai wadda ke fita a bayan gidajenmu.

Girkawa kuwa sun lura da abin da ya fi shafe-shafe muhimmanci. Hipokrat ya rubuta cewa babanni, wato mazan da aka dandaƙe, ba su yin sanƙo. Sai a 1942 wani masani ɗan Amurka, James Hamilton, ya tabbatar da dalili: sanƙon maza gado ne, kuma sinadarin mazantaka da ke yawo cikin jini shi ke tsuke saiwar gashi sannu a hankali. Bisa wannan ilimi aka amince da finasteride a 1997, bayan minoxidil da ya riga shi a 1988.

Wannan bai rufe wa tsirrai ƙofa ba. A 2002 likitocin Iraƙi suka gwada ruwan albasa a kan masu zubar gashi tabo-tabo, suka ga ya tsiro wa mafi yawansu. A 2015, a Iran, aka kwatanta man romaren da minoxidil a kan mutum 100 har wata 6, sakamakon ya zo kusan ɗaya. Amma gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma zubar tabo-tabo ciwo ne dabam da sanƙon gado.

Nan ne ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su yi hattara. Man kaɗe da man shanu da iyayenmu mata ke shafawa suna tausasa gashi, suna hana shi karyewa. Wannan ilimi ne na gaske, ya cancanci a rubuta shi daga bakin tsofaffi tun suna raye. Sai dai ba su taɓa cewa yana tayar da saiwar da ta mutu ba. Mai kwalba a kasuwa shi ke faɗin haka, yana jingina da sunan kakanni domin ya karɓe kuɗin talaka. In muna son gadon nan ya ɗore, sai mu tsaya inda masu shi suka tsaya.