Asalin Dogon Jira a Asibitocin Ingila

Ran 5 ga watan Yuli, 1948, Gwamnatin Birtaniya ta kafa hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, watau NHS, bisa alkawarin kowa zai sami magani ba tare da biyan ko sisi ba, haraji ne zai ɗauki nauyi. Rahoton Beveridge na 1942, wanda shi ne tushen shirin, ya ƙaddara cewa idan jama'a suka sami lafiya kuɗin ba zai yi ta hauhawa ba. Lissafin nan kuwa bai ci ba, domin wanda aka ceto yau shi ne tsohon da zai nemi gado gobe.

Ba a yi shekara uku ba aljihu ya fara kuka. A 1951, ana tsakiyar Yaƙin Koriya, Ministan Kuɗi Hugh Gaitskell ya sa kuɗi a kan tabarau da haƙoran roba. Aneurin Bevan, uban shirin, ya yi fushi ya ajiye muƙaminsa. A 1952 aka ƙara sule ɗaya a kan takardar magani.

Amma fa gadon asibiti da aikin tiyata ba a sa musu farashi ba, saboda haka layi ne ya zama ma'aunin rabo. A 2023, bayan annobar korona, jerin jiran magani a Ingila kaɗai ya haura miliyan 7 da rabi.