Yadda Tsofaffin Waƙoƙin Shata Suka Iso Kunnuwanmu

Daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa zuwa Babura, da wuya a wuni ba a ji muryar Alhaji Mamman Shata ba, ko a tashar mota, ko a teburin mai shayi, ko a wayar wani dattijo. Sai dai waƙoƙin da ke yawo ba su da yawa. Bakandamiya ce, da 'yan uwanta da suka yi fice, da kuma Magaji Mai Ido Ɗaya, wadda mutanen wannan yanki ke ɗauka tasu, domin wani basarake na Kazaure aka yi wa ita. Amma mutumin ya shafe fiye da shekara 60 yana waƙa, shi da kansa bai san adadin abin da ya rera ba. Ina waƙoƙinsa na farko? Amsar tana cikin tarihin na'urar ɗaukar murya, da lokacin da ta riske shi, da hannun waɗanda suka riƙe ta.

An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Tun yana yaro mai tallan goro da alewa ya soma waƙa a dandali, cikin kiɗan asauwara na samari da 'yan mata. Daga baya ya koma Bakori wajen ubangidansa Abdullahi Inde, ya riƙa zaga garuruwa da makaɗansa na kalangu. Sunansa bai game ƙasa ba sai a 1952, lokacin Bikin 'Yan Sarki a Kano. Ke nan akwai shekaru fiye da goma da ya yi yana zuba waƙa a ƙauyuka da kasuwanni, a wuraren da babu lantarki, balle rikoda. Waƙar dandali ba ta da ma'ajiya sai kan wanda ya ji ta. In ya rasu bai rera wa wani ba, ta bi shi.

Ba wai na'urar ba ta zo duniya ba ne a lokacin. Tun 1877 Thomas Edison ya ƙera ta a Amurka, kuma a ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya buga fayafayai a Landan cikin harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Matsalar ita ce kamfanonin sun fi karkata ga biranen bakin teku irin su Legas da Akara, inda masu sayen garmaho suka fi yawa. Ko da mawaƙin Arewa ya samu shiga, faifan garmaho na wancan zamani ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku a kowace fuska. Wannan babban ƙunci ne ga mawaƙi irin Shata, wanda ba ya zama ya tsara waƙa a gida. A fili yake ƙirƙira, makaɗa na riƙe da amshi, shi yana jero ɗiya gwargwadon wanda ya gani a taro da kyautar da aka miƙa. Waƙar da za ta ci rabin dare a gidan biki, sai a datse ta don ta shiga faifai.

Rediyo ne ya buɗe ƙofa. A shekarun 1940 aka kawo akwatin rediyo mai waya birnin Kano, a 1957 aka kafa hukumar rediyo ta ƙasa, a shekarar ce kuma sashen Hausa na BBC ya fara aiki. Amma wanda ya fi tasiri shi ne gidan rediyon Jihar Arewa da aka buɗe a Kaduna a 1962. Da zaren tef mai tsawo, ma'aikatansa suka riƙa gayyatar makaɗa suna naɗar su, muryar kuwa tana kaiwa har cikin Nijar. Manomi a Gwiwa ko Babura, wanda bai taɓa halartar wasan Shata ba, sai ga shi ya haddace waƙoƙinsa daga ƙaramar rediyo mai batir. A nan ne aka samu Shatan da yawancinmu muka sani: cikakken mutum mai shekara 40 ko fiye, wanda ya riga ya zama mawaƙin sarakuna da attajirai da manyan ma'aikata. Daga baya kamfanin EMI ya fitar da shi a manyan fayafayai masu ɗaukar kusan minti 20 a fuska ɗaya.

Masu bincike ma sun taka rawa. David Ames ya naɗi kaɗe-kaɗen Hausa a Zariya a 1963 da 1964, shi da Anthony King kuma suka wallafa ƙamus na kiɗan Hausa a 1971. Ɗandatti Abdulƙadir ya bi Shata, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba mawaƙin digirin girmamawa a 1988. Bayan rasuwarsa a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999, da binne shi a Daura, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa a 2006. Irin wannan aiki ne ya ceto labarin waƙoƙin ƙuruciyarsa daga bakin tsofaffin makaɗa da abokan tasowa, ko da sautin farko ya riga ya wuce.

Sai kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya kuma cika kasuwannin Arewa daga shekarun 1970. Shi ne ya sauya komai, domin ya fitar da ɗaukar murya daga hannun kamfani da hukuma, ya sa ta a hannun jama'a. Duk mai rikoda zai iya ajiye ta kusa da makaɗa a wajen biki ko naɗin sarauta ya danna. Wannan yana da muhimmanci ga ƙasar Kazaure, wadda ke kan hanyar Kano zuwa Daura, garuruwa biyu da rayuwar Shata ta ɗamfaru da su. Mawaƙi ba ya yi wa ubangidansa waƙa sau ɗaya ya tashi. Duk zuwa sai ya maimaita, ya ƙara sunaye, ya sauya zance. Abin da ke yawo a wayoyi yau zubi ɗaya ne ko biyu daga cikin masu yawa. Sauran, in sun tsira, suna cikin kasa-kasan gida irin waɗannan.

Kaset kuwa ba ya son zafi da ƙura da danshi. Zare yana manne wa juna, sauti yana dishewa. A gidajen rediyo da dama na duniya an sha goge tsohon tef a ɗora sabon shiri saboda tsadar zare. Da aka koma faifan CD, sannan memori da intanet, masu tura waƙoƙi a kasuwa sun kwafi abin da ake yawan tambaya ne kawai. Waƙar da ba ta da masu nema sai a tsallake ta, wadda aka kwafa kuma sau da yawa ba shekara, ba wuri, wani lokaci har sunan wanda aka yi wa an rikita. Haka kowane sabon zamani na na'ura ya riƙa rage yawan abin da ya gada.

Da tsohuwar zuma ake magani. Waɗannan waƙoƙi da ba a cika ji ba suna ɗauke da sunayen hakimai da dagatai da fatake da direbobi, da Hausar da aka daina yi, abin da ba kowane littafin tarihi ya adana ba. Kazaure tana da majalisar masarauta, tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, inda ake da matasa masu sanin kwamfuta. Aikin ba ya buƙatar dukiya mai yawa: a nemi iyalai su ba da aron kasa-kasansu, a juye su, a mayar wa masu su, sannan a zauna da dattawan da suka halarci wasannin su faɗi wa aka yi wa, a ina, a wace shekara. Wannan kashi na ƙarshe shi ya fi gaggawa, domin wanda ya kalli Shata yana ɗan shekara 20 a 1965 yanzu ya kai 80.